Georg von Frundsberg: Uban Sojojin Haya da Yaransa Suka Juya wa Baya



A shekarar 1473, lokacin Muhammadu Rumfa yana sarautar Kano, aka haifi Georg von Frundsberg a garin Mindelheim da ke kudancin Jamus. Ɗan babban gida ne, ya tashi cikin harkar yaƙi. Ya yi wa Sarki Maximilian na Ɗaya aiki, daga baya kuma jikansa Charles na Biyar.

A zamanin nan sarakunan Turai kan ɗauki sojojin haya idan yaƙi ya taso. Na Jamus ana kiran su Landsknecht. Dakaru ne masu yaƙi a ƙasa da dogayen masu, suna sa tufafi masu launi barkatai. Albashin soja ɗaya gulden 4 ne a wata, wanda ya yarda ya tsaya a sahun gaba kuma a ninka masa. Frundsberg ya horar da su, ya koya musu tsari da bin umarni, har aka riƙa yi masa laƙabi da uban Landsknecht. Da su ya taimaka aka ci Faransawa a Bicocca a 1522. A yaƙin Pavia na ranar 24 ga Fabrairu 1525 kuwa, har Sarkin Faransa, Francis na Ɗaya, aka kama.

Sai dai waɗannan sojoji sun yi ƙaurin suna wajen caca. Akwai wasan karta da ya samo sunansa daga gare su, Faransawa na kiran sa lansquenet. Mai raba karta zai buɗe ɗaya tasa, ɗaya ta masu zuba kuɗi, sannan ya yi ta buɗewa har a sami wadda ta yi daidai da ɗayansu. Babu dabara a ciki, sa'a ce kawai. Albashin wata kan tafi a zama ɗaya.

A 1526 aka sake bukatar mayaƙa a Italiya, ga shi baitulmalin sarki ba kuɗi. Frundsberg ya jinginar da kadarorinsa, ya tara mutum kusan 12,000, ya ƙetare tsaunukan Alps da su, yana sa ran sarki zai biya. Kuɗi ba su zo ba. A watan Maris 1527, kusa da birnin Bologna, yunwa da rashin albashi suka sa sojojin bore. Ya fito ya lallashe su, suka ƙi saurara. Nan take ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi.

Rundunar ta wuce ba tare da shi ba. Ranar 6 ga Mayu 1527 ta faɗa birnin Roma, ta yi kisa da wasoso, Paparoma Clement na Bakwai ya ɓuya a wata ganuwa. Shi kuwa Frundsberg aka mai da shi Mindelheim, ya rasu ranar 20 ga Agusta 1528 da bashi a kansa.

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Frundsberg jarumi ne, kuma ya ƙaunaci yaransa, amma kuɗi ne ya tara su, rashin kuɗi kuma ya raba shi da su. Mu ɗalibai mu duba: abokan da muke tarawa, me ya haɗa mu da su?