A'isha Falatiya: 'Yar Malamin Allo da Ta Buɗe wa Mata Ƙofar Rediyon Sudan

A duk lokacin da wata mawaƙiyar zamani ta saki sabuwar waƙa tana kokawa da yadda maza suka kankane harkar kiɗa, tun daga masu ɗakunan naɗar murya har zuwa masu zaɓen abin da za a sa a rediyo, sai muhawara ta ɓarke a Facebook da TikTok tamkar yau aka fara jin irin wannan kuka. Alhali kuwa kukan ya girmi iyayen masu muhawarar. Fiye da shekara 80 da suka wuce, a birnin Umdurman na ƙasar Sudan, wata mace da iyayenta suka fito daga Sakkwato ta shiga gidan rediyo ta rera waƙa, sai wasu mawaƙa maza suka ƙaurace wa tashar don nuna fushinsu. Sunanta A'isha Musa Ahmad, amma an fi saninta da A'isha Falatiya. Ita ce mace ta farko da aka ji tana waƙa a rediyon Sudan.

Daga hanyar Makka zuwa Kasala

Tun kafin zuwan jirgin sama, alhazan ƙasar Hausa da Borno da ƙafa suke nufar gabas. Su ratsa Wadai da Darfur da Kordofan, su tsallake Kogin Nilu, su isa gaɓar Bahar Maliya inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana tsayawa a yi noma ko ƙwadago don neman guzuri. Da yawa daga cikin matafiyan, ko a tafiya ko a dawowa, sun yada zango a Sudan har zangon ya zama gida. Yawansu ya ƙaru bayan 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Sakkwato suka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa Sudan, inda garin da suka kafa kusa da Sinnar yake ɗauke da sunansa har yau.

Iyayen A'isha suna cikin alhazan da suka zauna. Mahaifinta malami ne Bafulatani, mahaifiyarta Bahausa, kuma a garin Kasala da ke gabashin Sudan, kusa da iyakar Iritiriya ta yanzu, aka haife ta a farkon ƙarni na 20. Daga baya iyalin suka koma Umdurman, inda mahaifin yake da makarantar allo, irin wadda mutanen Sudan suke kira halwa. A nan ta yi karatun Alƙur'ani, a nan kuma harshenta ya goge wajen fitar da haruffan Larabci da sarrafa numfashi.

Laƙabin da ya bi ta har kabari yana da nasa labarin. A Sudan, kalmar Fallata tana nufin mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, Fulani da Hausawa da Barebari duka a haɗe. A bakin mutane da yawa kalmar tana ɗauke da raini, domin an ɗauki waɗannan mutane a matsayin baƙi 'yan ƙwadago, musamman bayan da aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira a 1925, wanda guminsu ya taimaka wajen rayawa. Da wannan suna na raini A'isha ta shahara, har ya zama ba a ambatonsa a fagen waƙa sai da girmamawa.

Waƙar biki da faifan garmaho

Tana da kimanin shekara 14 ta fara waƙa a gidajen biki. A Umdurman ta wancan zamani, waƙa iri biyu ce, kuma kowace da darajar da aka yanka mata. Akwai waƙar maza, wadda daga baya aka laƙaba wa suna haƙiba, mai baitoci tsararru da manyan mawallafa suke rubutawa, wadda irin su Muhammad Ahmad Sarur da Abdulkarim Karoma da Halil Farah suka yi fice a kanta. Wannan ita ake kira fasaha. Akwai kuma waƙar mata, wadda ake yi cikin gida da gangar yumɓu mai suna daluka yayin da amarya take rawa. Wannan kowa yana so, kowa yana biya a yi masa, amma ba mai son a ce 'yarsa ce take yi.

Mahaifin A'isha bai amince da sana'ar ba, kuma ba abin mamaki ba ne ga malamin da mutuncinsa shi ne jarinsa a ƙasar da ake kallonsa a matsayin baƙo. An yi mata aure, auren bai yi ƙarko ba, ta koma ga waƙarta. Wajen ƙarshen shekarun 1930 wani wakilin kamfanin faifai na ƙasar Masar ya ji muryarta, aka kai ta Alƙahira ta naɗi waƙoƙi a faifan garmaho. Faya-fayan suka dawo Sudan suka cika gidajen shan gahawa, wuraren da maza kaɗai suke zama. Haka muryarta ta riga ta shiga inda ƙafarta ba ta isa ta taka ba.

A nan ne tsarin harkar ya fito fili. Mai kamfani namiji ne, wakilin da ya gano ta namiji ne, mawallafan da suka rubuta mafi yawan waƙoƙin soyayyar da ta rera maza ne, masu gidajen gahawar da suke tara abokan ciniki da faifanta su ma maza ne. Kowa a cikin wannan jeri yana cin moriyar muryar, amma ita kaɗai ce take biyan kuɗin da sunanta da mutuncinta. Waƙoƙin da ta fi shahara da su a lokacin na salon tumtum ne, wani kiɗa mai sauri na matan birni da masu ilimin zamanin suke yi wa kallon hadarin kaji, ko da yake su ma suna kaɗa kai idan an sa shi.

Yaƙi ya buɗe ƙofa

Yaƙin Duniya na Biyu ya iso Sudan a watan Yulin 1940, lokacin da sojojin Italiya suka tsallako daga Iritiriya suka kama Kasala, garin haihuwar A'isha. Ba a ƙwato shi ba sai a Janairun 1941. Sudan a lokacin tana ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar, wanda aka kafa tun 1899, kuma Turawa suna matuƙar buƙatar goyon bayan jama'a da ƙwarin gwiwar Rundunar Tsaron Sudan, wadda ta yi yaƙi a Iritiriya da Habasha da hamadar Libiya. Don haka ne a 1940 suka buɗe gidan rediyon Umdurman, da nufin yaɗa labaran yaƙi ta fuskarsu. Masu akwatin rediyo kaɗan ne, jama'a taruwa suke yi a dandali su saurara ta lasifika.

A'isha tana cikin mawaƙan da aka kai su nishaɗantar da sojoji a sansanoninsu. Waƙarta ta fatan mayaƙa su dawo gida lafiya ta shiga bakin iyaye mata da matan aure a duk faɗin ƙasar, domin ta faɗi abin da yake cikin zuciyar duk wanda nasa yake bakin daga. Cikin waɗannan shekaru na farkon tashar ne aka ba ta dama ta yi waƙa a rediyo, tare da ƙanwarta Jidawiyya, gwanar kaɗa udu, wato garayar Larabawa, kayan kiɗan da a lokacin ake ganin na maza ne.

Masu sauraro sun yi na'am. Masu ra'ayin riƙau sun yi tir. Wasu abokan sana'arta maza kuwa suka ƙaurace wa tashar. Wannan na ƙarshe shi ne abin lura, domin mutanen da suka ƙauracen ba masu ƙyamar kiɗa ba ne, da kiɗan suke ci. Rediyo ita ce sabuwar fadar da take ɗaga mawaƙi daga matsayin mai nishaɗin biki zuwa na mai fasahar ƙasa, kuma mazan da suka sha wahala kafin a fara ganin sana'arsu da daraja suna tsoron kada shigowar mace, macen ma 'yar Fallata mai waƙar tumtum, ta zubar musu da abin da suka tara. Wanda aka raina jiya ya samu wadda zai raina yau.

Tsangwamar da ta sha saboda jinsinta da kuma asalinta ta kai ga ta yi tunanin tattara nata ya nata ta koma Najeriya, ƙasar iyayenta. Ba ta tafi ba. Ta ci gaba da zuwa tashar, jama'a suka ci gaba da neman waƙoƙinta, har ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Masu ƙauracewa suka dawo, kuma a shekarun baya har waƙar haɗin gwiwa ta yi da mawaƙa maza a wannan rediyo da aka so a hana ta shiga.

Muryar ƙasa, baƙuwa a takarda

Shekarun da suka biyo bayan yaƙi na gwagwarmayar neman 'yanci ne. Ƙungiyar 'yan boko da aka kafa a 1938 ta haifar da jam'iyyun siyasa, ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara suka kafa ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, a 1952 kuma aka kafa Ƙungiyar Matan Sudan. A'isha ba ta tsaya a waƙar soyayya kaɗai ba. An san ta da goyon bayan haƙƙin mata da na ma'aikata da kuma neman ƙarshen mulkin mallaka, har Sudan ta samu 'yancin kai ranar 1 ga Janairun 1956.

Sai dai 'yancin bai zo wa kowa daidai ba. Dokokin zama ɗan ƙasa na 1948 da 1957 sun ɗaure cancanta da zaman kakannin mutum a ƙasar tun kafin Turawa su ci ta a ƙarshen ƙarni na 19, sharaɗin da ya jefa ɗimbin 'yan asalin Afirka ta Yamma cikin tsaka mai wuya, har da waɗanda aka haifa a Sudan ba su san wata ƙasa ba. Ke nan a daidai lokacin da muryar 'yar Fallata take zama ɗaya daga cikin muryoyin da 'yan Sudan suke gane kansu da ita, dangin wannan murya suna fama da tambayar ko su 'yan ƙasa ne.

Haka ma a ɓangaren mata, kunne ya riga doka karɓar sauyi. Sai bayan juyin juya halin Oktoban 1964 matan Sudan suka samu cikakken 'yancin zaɓe, a 1965 kuma Fatima Ahmad Ibrahim ta zama mace ta farko a majalisar dokoki. Fiye da shekara 20 kafin wannan, jama'ar ƙasar sun riga sun saba da jin mace tana ɗaga murya a bainar jama'a ta gidan rediyon gwamnati. Ba za a ce waƙa ce ta kawo ƙuri'a ba, amma wanda ya share fili yana da rabo a amfanin gona.

Ta ci gaba da waƙa har cikin shekarun 1960, ta bar waƙoƙi fiye da 150, mafi yawansu a rumbun rediyon Umdurman. Daga cikinsu akwai Simsim al-Gadarif, mai ɗauke da sunan riɗin da yankin Gadarif ya shahara da nomansa, wadda mawaƙan baya suka yi ta maimaitawa. Ta rasu a watan Fabrairun 1974.

Abin da ya rage

Ƙofar da ta buɗe ba ta zauna a buɗe da kanta ba. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir a 1989, dokokin kula da ɗa'ar jama'a sun takura wa bukukuwa da mawaƙa, musamman mata, manyan masu fasaha irin su Muhammad Wardi suka yi gudun hijira, kuma ba a soke dokar ba sai a ƙarshen 2019, bayan zanga-zangar da mata suka tsaya a sahun gabanta. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya mayar da harabar rediyo da talabijin ta Umdurman fagen fama, dakarun RSF suka riƙe ta har sojoji suka ƙwace ta a Maris na 2024. A wannan haraba ne aka adana muryoyin mawaƙan Sudan na shekaru masu yawa, har da nata.

Ga mai karatu a Kano ko Damagaram, labarin ba baƙo ba ne. A ƙasar Hausa ma an daɗe ana raba waƙar fada ta maza da amadar mata, ana cika gidan biki don jin irin su marigayiya Barmani Choge, sannan a koma gida a ja wa 'ya'ya mata kunne kada su yi koyi da ita. Tambayoyin da rayuwar A'isha ta bari su ne dai waɗanda suke gaban mawaƙiyar yau: wa ya mallaki naɗin muryarta, wa yake karɓar kuɗin, wa yake yanke hukuncin abin da za a watsa, kuma wa ake zagi idan ƙura ta tashi. A zamaninta amsar ukun farko namiji ce, amsar ta huɗu kuwa ita ce. Duk wanda yake son ya auna ko an samu ci gaba, sai ya ɗauki waɗannan tambayoyi huɗu ya je da su ɗakin naɗar murya mafi kusa da shi.