Nana Asma'u da Ma'aunin Zamani

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Ɗegel wajen shekara ta 1793. Tana ƙarama aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, watau cikin gwagwarmayar jihadi ta tashi. Ta auri Giɗaɗo ɗan Lema, wanda ya zama wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, galibi waƙoƙin wa'azi da tarihi da marsiyya.

Babban aikinta shi ne 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai kamun kai ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa. Jaji ke jagorantar matan ƙauye zuwa wurinta, su haddace waƙoƙi, su koma gida su koyar. Ta rasu a Sakkwato cikin 1864.

Bayan fitowar littafin Jean Boyd a kanta cikin 1989, sunanta ya bazu a jami'o'in Ingila da Amurka, har waɗansu manazarta suka jera ta cikin magabatan aƙidar 'yancin mata ta Turawa. Masu sukar wannan ra'ayi suna ganin an auna ta da mudun da ba na kasuwarta ba. Hujjarta daga addini ta fito, domin Shehu da kansa ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Ɗalibin da ya raba ta da wannan tushe zai kasa gane dalilin da ya sa mata suka yi ta takowa daga ƙauyuka domin karatu.