Ɗan fashin da ya zama malamin Imamu Shafi'i

Da a ce a zamaninmu Fudailu ɗan Iyad ya yi samartakarsa, da tuni hotonsa ya karaɗe Facebook da WhatsApp, kai kuma ka shiga ƙasan hoton ka rubuta cewa irin wannan ai ɗan wuta ne. Kar ka musa, mun san halinmu. To gyara zama ka ji labarinsa.

Fudailu ya tashi a yankin Khurasan, a ƙarni na 2 bayan hijira. Sana'arsa ta farko tare hanya ce, tsakanin garin Abiwarda da Sarakhsa, wajajen iyakar Turkmenistan da Iran a yau. Fatake na jin sunansa gabansu ke faɗuwa.

Malaman tarihi irin su Imamu Zahabi sun kawo yadda rayuwarsa ta juya. Wani dare yana haura katanga zai je wurin wata yarinya da yake so, sai ya ji wani yana karanta aya ta 16 a Suratul Hadid, wadda ke tambayar muminai ko lokaci bai yi ba da zukatansu za su rusuna ga ambaton Allah. Nan take jikinsa ya yi sanyi, ya sauko. Ya fake a wani kango, ya tarar da matafiya a ciki suna gardama. Wasu na so a tashi a kama hanya, wasu na cewa a jira gari ya waye, don Fudailu yana kan hanya. Ka ji fa! Mutanen nan suna tsoron ɗan fashi, ba su san wanda ke kusa da su ya riga ya tuba ba.

Tsoron nasu ba laifi ba ne. Fashi zalunci ne, kuma kowa na da haƙƙin tsare ransa da dukiyarsa. Abin da ba su da iko a kansa shi ne sanin yadda mutumin zai cika. Wannan ilimin yana wurin Allah shi kaɗai.

Fudailu ya tafi Kufa, ya durƙusa gaban malaman hadisi irin su A'amash da Mansur ɗan Mu'utamir. Daga nan ya koma Makka ya zauna kusa da Ka'aba har ƙarshen rayuwarsa. Abdullahi ɗan Mubarak da Sufyanu ɗan Uyaina da Imamu Shafi'i duk sun karɓi ilimi a wurinsa, kuma akwai ruwayoyinsa a Sahihul Bukhari da Sahihu Muslim. Sarki Haruna Rashid da kansa ya taka har ƙofar gidansa da dare. Fudailu ya yi masa wa'azi har sarkin ya yi kuka, aka miƙa masa dinari 1,000 ya ƙi karɓa.

Ga inda nake so ka tsaya, ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa. Da yawanmu daga mun fara sallar asuba a jam'i na sati biyu, ko mun sayi doguwar hijabi, shi ke nan sai mu fara rabon Aljanna da wuta. Fudailu bai yi haka ba. Duk da ibadarsa, an san shi da yawan kuka da tsoron kada a ƙi karɓar aikinsa. Laifin kansa ya ishe shi dubawa. Da aka tambaye shi ma'anar tawali'u, ya nuna cewa shi ne ka miƙa wuya ga gaskiya, ka karɓe ta ko daga bakin yaro ko jahili ta fito. Ibnu Rajab kuma ya kawo daga gare shi cewa halin mumini shi ne ya rufa asiri ya yi nasiha, fajiri kuwa shi ke tona asiri ya yi gori.

Auna wannan da abin da ka yi jiya. Bidiyon yarinyar nan da ka tura wa abokai, nasiha ce ko gori? Yaron unguwarku da ke shaye-shaye, ka taɓa kiransa gefe, ko dai ka riga ka yanke masa ƙauna? Ba a hana ka kiran saɓo da sunansa ba. Amma gyara yana da hanya: ka tura saƙo a ɓoye, ka tausasa harshe, ka yi masa addu'a. Hukunci na alƙali ne, makoma kuma ta Allah ce.

Fudailu ya rasu a Makka a shekara ta 187 bayan hijira, wato 803 miladiyya. Sama da shekara 1,200 ke nan ana ambaton sunansa ana nema masa rahama. Kai kuwa ba ka san yadda taka za ta ƙare ba, balle ta wani. Kafin ka danna wayarka a daren nan, tuna da mutumin nan a kan katanga. Allah Ya sa mu cika da imani, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.