William Castle: Ɗan Kasuwar Tsoro

An haifi William Castle a birnin New York na ƙasar Amurka cikin shekarar 1914, ya kuwa zama maraya tun yana ɗan shekara 11. Bayan ya yi aikin wasan kwaikwayo na dandamali, sai ya shiga kamfanin Columbia, inda ya daɗe yana shirya finafinan faɗace-faɗace da na kaboyi masu araha. Daga bisani ya taɓa aikin talabijin.

Ya jinginar da gidansa ya shirya Macabre, fim ɗin ban tsoro da ya fito a 1958, ya yi wa kowane ɗan kallo inshorar dala 1,000 in tsoro ya kashe shi. Jama'a kuwa suka yi cincirindo. A 1959 ya sa ƙwarangwal shawagi bisa kawunan masu kallon House on Haunted Hill, ya kuma ɗaura wa kujerun silima na'ura mai girgiza saboda The Tingler.

Waɗannan dabaru sun jawo masa kuɗi, amma sun rage masa kwarjini. Da ya sayi haƙƙin littafin Rosemary's Baby, kamfanin Paramount ya hana shi ba da umarni, ya danƙa wa Roman Polanski, aka bar shi da kula da shirin. Fim ɗin ya fito a 1968, ya yi fice. Castle ya mutu a Los Angeles a 1977.