Don Estridge: Injiniyan da ya bar cikin kwamfuta a buɗe

Kwamfutar tebur tana da wata baiwa da wayar hannu ba ta da ita, wato ana iya buɗe ta a sauya mata kayan ciki. Idan ta fara nawa, mai gyara zai sa sukundireba ya cire murfi, ya ƙara mata ma'adanar aiki da ake kira RAM. Idan rumbun ajiyarta ya mutu, sai a zare shi a sa wani. Matashin da ke son wasannin kwamfuta kuwa yana iya sayen babban allo daga wannan kamfani, katin hoto daga wancan, akwati da na'urar wuta daga wani na uku, ya harhaɗa su a ɗakinsa, su kuma yi aiki tare kamar uwa ɗaya ta haife su. Abincin dubban masu gyara da 'yan kasuwa, har da na kasuwar Computer Village da ke Ikeja, a kan wannan sauƙi ya dogara.

Sauƙin yana da asali, kuma asalinsa yana komawa ga wani aiki da aka yi cikin gaggawa tsakanin 1980 da 1981 a garin Boca Raton na jihar Fulorida a Amurka. Jagoran aikin shi ne Philip Donald Estridge, wanda aka fi sani da Don Estridge, ma'aikacin kamfanin IBM da ake yi wa laƙabi da uban kwamfutar IBM PC.

Tasowarsa da farkon aikinsa

An haifi Estridge a ranar 23 ga Yuni, 1937, a birnin Jacksonville na jihar Fulorida. Mahaifinsa mai ɗaukar hoto ne. Ya kammala makarantar sakandare ta Bishop Kenny a 1955, sannan ya shiga Jami'ar Fulorida inda ya karanci injiniyancin lantarki. Yana ɗalibi ya auri Mary Ann a 1958, ya karɓi digirinsa a 1959, kuma a wannan shekarar ya kama aiki da IBM. Bai sake yi wa wani kamfani aiki ba har ƙarshen rayuwarsa.

Shekarunsa na farko sun tafi a kan manyan ayyukan gwamnati. Ya yi aiki a kan tsarin SAGE, wanda sojojin saman Amurka suka kafa domin hango jiragen abokan gaba, daga baya ya koma yankin Washinton yana aikin manhaja ga cibiyar Goddard ta hukumar binciken sararin samaniya, NASA. A 1969 ya koma jiharsa ta haihuwa, aka tura shi reshen kamfanin da ke Boca Raton. A can ya yi aiki a kan manhajar wata matsakaiciyar kwamfuta mai suna Series/1, wadda ta fito a 1976. Aikin bai ba shi sunan da ya yi fata ba, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 yana cikin dubban manajojin IBM da ba a san su ba a wajen ofisoshinsu.

Shekara guda kacal

A wancan zamani IBM ne sarkin kasuwar manyan kwamfutoci, irin waɗanda ke cika ɗaki guda, bankuna da ma'aikatun gwamnati ke haya da kuɗi masu yawa. Al'adarsa ita ce ya ƙera komai da kansa, tun daga kayan ciki har manhaja, ya sayar ta hannun wakilansa, ya kuma gyara da ma'aikatansa. Fito da sabuwar na'ura kan ɗauke shi shekaru da dama.

Amma tun 1977 ƙananan kwamfutoci irin su Apple II da Commodore PET da TRS-80 suka fara shiga gidaje da makarantu. Da manhajar lissafi ta VisiCalc ta fito a 1979, sai akantoci suka fara ɗora Apple II a kan teburan ofis, har a kamfanonin da ke hulɗa da IBM. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A tsakiyar 1980 shugaban reshen Boca Raton, William Lowe, ya shaida wa shugabannin kamfanin, ƙarƙashin Frank Cary, cewa za a iya fito da ƙaramar kwamfuta cikin shekara guda, da sharaɗin a kauce wa al'adar gidan. Aka amince, aka ware injiniyoyi goma sha biyu, aka raɗa wa shirin suna Project Chess. Ba a jima ba aka yi wa Lowe ƙarin girma, ragamar aikin ta faɗo hannun Estridge. Tunanin sayo kaya daga waje ya samo asali tun daga tawagar Lowe, amma Estridge ne ya ɗauki nauyin aiwatar da shi, ya kuma kare yaransa daga sassan kamfanin da ke ganin abin a matsayin cin fuska.

Ƙwaƙwalwar na'urar, wato furosesa, an sayo ta daga Intel, samfurin 8088. Na'urar karanta faifai ta zo daga Tandon, firinta daga Epson ta Japan. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar an karɓo ta daga wani ƙaramin kamfani mai suna Microsoft, wanda shi ma ya saye ta ne daga Seattle Computer Products ya gyara ta. Sayarwa kuma aka bai wa shagunan ComputerLand da Sears, abin da IBM bai saba yi ba.

A ranar 12 ga Agusta, 1981, Estridge ya gabatar da IBM 5150 a otal ɗin Waldorf Astoria da ke birnin Niyok. Mafi arhar samfurinta dala 1,565 ne, da ma'adanar aiki mai kilobait 16, ba allon kallo, ba na'urar faifai. An cika alkawarin shekara guda.

Gurabe biyar da littafi guda

Abubuwa biyu ne suka sa wannan na'ura ta wuce zamaninta. Na farko shi ne gurabe biyar da aka jera a kan babban allonta, inda ake soka ƙananan alluna da ake kira kati. Hatta haɗa ta da allon kallo ko na'urar faifai ta hanyar kati ake yi. Dabarar ta riga IBM, domin Apple II tana da gurabe takwas tun 1977, sai dai a wannan karo sunan kamfani mafi girma a harkar ne a jikin akwatin, kuma hakan ya ba masu zuba jari ƙwarin gwiwa.

Na biyu shi ne littafin bayanin fasaha da kamfanin ya buga ya sayar ga duk mai so. A ciki akwai zanen hanyoyin lantarki na na'urar, da cikakken rubutun ƙaramar manhajar nan da ake kira BIOS, wadda ke tayar da kwamfuta ta kuma haɗa kayan ciki da babbar manhaja. Lissafin Estridge shi ne cewa tawagarsa ba ta da lokaci ko yawan ma'aikatan da za su ƙera duk abin da masu saye za su nema, don haka gara a nuna wa mutanen waje hanya su ƙera da kansu. Cikin ɗan lokaci kamfanoni irin su Tecmar da AST suka cika kasuwa da katunan ƙarin ma'adana, Hercules ya fito da katin hoto a 1982, manhajar Lotus 1-2-3 ta biyo baya a farkon 1983.

Masu gyara ma sun sami gadonsu a nan. Duk lokacin da aka kunna na'urar, BIOS kan bi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya ta gwada lafiyarsu. Idan ta ci karo da matsala sai ta yi ƙara ko ta nuna lamba: 201 na nufin ma'adanar aiki, 301 allon rubutu, 601 na'urar faifai. Ƙarar da ƙwararren mai gyara ke kasa kunne ya saurara a yau jikanyar wannan tsari ce. Injiniyan da ya rubuta BIOS ɗin, David Bradley, shi ne kuma ya ƙirƙiro danna maɓallan Ctrl da Alt da Del a tare domin sake tayar da kwamfutar da ta sandare.

Ɗaukaka da tuntuɓe

IBM ya yi hasashen sayar da kusan kwamfuta 250,000 cikin shekara biyar. Kasuwa ta haɗiye wannan adadi tun ba a je ko'ina ba, har masana'anta ta kasa biyan buƙata. A Maris 1983 aka fito da samfurin XT mai gurabe takwas da rumbun ajiya na megabait 10. A watan Agustan shekarar aka mayar da tawagar cikakken sashe na kamfanin, Estridge ya zama shugabansa, sannan a 1984 aka naɗa shi mataimakin shugaban IBM. 'Yan mutanen da suka fara aikin sun zama ma'aikata kusan dubu goma, kuɗin shigar sashen ya kai kimanin dala biliyan 4 a 1984. A cikin wannan tsakani Steve Jobs ya yi masa tayin shugabancin Apple da albashi mai tsoka, ya ƙi karɓa, kujerar ta tafi ga John Sculley a 1983.

Tuntuɓensa mafi girma ya zo ne daga kwamfutar gida. An sanar da PCjr a Nuwamba 1983 domin iyalai da yara, har kamfanin Sierra ya shirya mata wasan King's Quest. Amma allon rubutunta ya zo da ƙananan maɓallai masu wuyar dannawa, farashinta ya yi wa gidaje tsada, ba ta da irin guraben babbar yayarta, kuma manhajoji da dama na IBM PC sun ƙi aiki a kanta. A Maris 1985 aka daina ƙera ta. Samfurin AT na Agusta 1984, mai furosesar Intel 80286, ya samu karɓuwa, ko da yake rumbunan ajiyarsa na farko sun yi ta ba da matsala. A wannan wata na Maris 1985 aka ɗauke Estridge daga sashen da ya gina, aka ba shi kula da masana'antun kamfanin, William Lowe ya dawo ya gaje shi.

A ranar 2 ga Agusta, 1985, Estridge da matarsa Mary Ann suka hau jirgin Delta mai lamba 191 daga Fort Lauderdale. Jirgin na shirin sauka a filin Dallas/Fort Worth na jihar Texas cikin hadari, sai wata iska mai ƙarfi da ke sauko wa daga gajimare ta danna shi ƙasa kafin ya kai titin sauka. Mutum 137 suka rasu, har da shi da matarsa. Yana da shekara 48. Wannan haɗari na cikin dalilan da suka sa daga baya aka wajabta sa na'urorin gano irin wannan iska a jiragen fasinja na Amurka.

Abin da ya biyo baya

Ƙofar da aka buɗe wa masu ƙera kati ba ta tsaya a kansu ba. IBM ya yi zaton haƙƙin mallakar BIOS zai hana kowa kwaikwayon na'urarsa, amma Compaq ya samo mafita: wata tawaga ta rubuta bayanin abin da BIOS ke yi, wata tawagar daban da ba ta taɓa ganin rubutun IBM ba ta rubuta sabuwa bisa wannan bayani. Kwamfutar Compaq ta shiga kasuwa a 1983, kamfanin ya yi cinikin dala miliyan 111 a shekarar. A 1984 Phoenix Technologies ya fara sayar da irin wannan BIOS ga kowane mai ƙera kwamfuta. Yarjejeniyar da aka ƙulla da Microsoft kuma ba ta hana shi sayar wa wasu manhajarsa ba, haka ma Intel da furosesarsa. Sai lamarin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1987 IBM ya yi yunƙurin rufe ƙofar da samfurin PS/2, mai sababbin gurabe da sai an biya lasisi kafin a yi amfani da su. Tsofaffin katuna ba sa shiga cikinsu. Kamfanoni tara, Compaq na kan gaba, suka haɗa kai a 1988 suka fito da nasu tsarin da ke karɓar tsofaffin katuna, kasuwa kuma ta bi su. Daga nan iko ya kuɓuce wa IBM, har ya kai ga sayar da sashen ƙananan kwamfutocinsa ga kamfanin Lenovo na ƙasar Sin, cinikin da aka kammala a 2005.

Masu wasannin kwamfuta na cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan asara. Na'urar 1981 launi huɗu kacal take iya nunawa lokaci guda a yanayin zanenta da aka fi amfani da shi, sautinta kuwa bai wuce ƙarar ɗan ƙaramin lasifika ba. Guraben nan ne suka ba da damar soka katin sauti na Sound Blaster a 1989 da katin hoto na Voodoo a 1996, ba tare da an jefar da kwamfutar gaba ɗaya ba. Siffar guraben ta sauya daga ISA zuwa PCI zuwa PCI Express, kuma tun 1995 tsarin ATX na Intel ya daidaita girman babban allo da akwati da na'urar wuta, amma ƙa'idar tana nan yadda tawagar Boca Raton ta bar ta: a bayyana ma'auni, kowa ya ƙera abin da zai dace da shi.

IBM ya daɗe da sayar da harabarsa ta Boca Raton. A wani ɓangare na filin akwai makarantar gwamnati ta 'yan ƙaramar sakandare da ke ba da fifiko ga fasaha, wadda aka raɗa wa sunan Don Estridge.