Gustave Eiffel: Injiniyan Da Ya Shekara Sittin Yana Kokawa Da Iska

Duk lokacin da hadarin farkon damina ya haɗo, guguwa ta fara yaye kwanon rufin gidaje tana watsarwa a kan titi, idona yakan koma kan dogayen ƙarafan sadarwar nan da suka cika garuruwanmu tun shigowar wayar salula a shekarar 2001. Nakan tsaya in ƙirga faifai da eriyoyin da ake ta jibga wa kowane ɗaya shekara bayan shekara, in tambayi kaina ko wanda ya ƙara na ƙarshe ya sake zama ya yi lissafin abin da iska za ta yi da shi. Wannan tunani ne ya sa a yau na ga ya dace in kawo wa mai karatu tarihin wani injiniya Bafaranshe mai suna Gustave Eiffel, wanda ake furta sunansa Efel. Duniya ta san shi da hasumiyar birnin Faris, amma ni a ganina abin da ya fi cancanta a tuna shi da shi shi ne yadda ya ɗauki iska a matsayin abokiyar gaba tun yana saurayi, bai kuma daina binciken halinta ba har ya tsufa tukuf.

An haifi Eiffel a garin Dijon ranar 15 ga Disamban 1832. Bai sami shiga babbar makarantar da ya fi so ba, sai ya tafi wata makarantar koyon aikin injiniya a Faris, inda ya kammala a 1855 da ƙwarewa a ilimin haɗa sinadarai, da niyyar kama aiki a masana'antar wani ɗan'uwansu. Saɓanin cikin gida ya rushe wannan shiri, ya faɗa harkar layin dogo, wadda a lokacin ita ke tashe a Turai. Yana ɗan shekara 25 aka damƙa masa kula da aikin gadar jirgin ƙasa mai tsawon kimanin mita 500 a kan kogin Garonne a Bordeaux, aka gama a 1860. Daga nan ya buɗe nasa kamfanin a gefen Faris, ya gina gadar Maria Pia a Fotugal a 1877, sannan gadar Garabit a tsaunukan tsakiyar Faransa, wadda aka kammala a 1884, mai baka guda da ya kai faɗin mita 165, jirgi kuma yana bi ta kanta a tsayin sama da mita 120 daga ruwa.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san irin zamanin da ake ciki. Injiniyoyin wancan lokaci sun iya lissafin nauyi, wato abin da ke danna gini zuwa ƙasa, amma abin da ke tunkuɗa shi daga gefe kowa da irin kirdadonsa. Daren 28 ga Disamban 1879 ya nuna tsadar wannan kirdado. A daren ne guguwa ta kada tsakiyar gadar kogin Tay a ƙasar Sikotilan daidai lokacin da jirgin fasinja ke tsallakawa, jirgin ya afka cikin ruwa, ba wanda ya tsira, an kuma tabbatar da mutuwar aƙalla mutum 59. Wanda ya tsara gadar, Thomas Bouch, watanni kaɗan kafin nan Sarauniya ta ba shi lambar girma saboda ita. Bincike ya gano aibu a tsari da gini da kulawa, ya kuma gano cewa bai ware wa ƙarfin iska wani kaso na musamman a lissafinsa ba. Bai cika shekara guda ba ya rasu cikin baƙin ciki.

Lissafin da ake magana a kai ba shi da wuyar fahimta. Ƙarfin da iska ke dukan abu da shi yana tafiya ne da saurinta a ninke da kansa, ma'ana idan saurin ya ninka sau biyu, dukan zai ninka sau huɗu. Iskar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana tura kowane murabba'in mita da ƙarfin da ya kusa kilo 50, idan kuwa ta kai kilomita 200 sai ya doshi kilo 200. Bayan haka sai a duba faɗin abin da ya tare iskar, sai siffarsa, domin shafaffen allo ya fi zagayayyen bututu tare ta, sannan sai tsayin da yake. Ɗauki faifan sadarwa mai faɗin mita 2. Fuskarsa ta ɗan haura murabba'in mita 3, don haka iskar kilomita 100 za ta tura shi da aƙalla kilo 150, kwatankwacin buhun siminti uku. Idan a ƙasa yake, wannan ba wani abu ba ne. Amma idan a ƙololuwar ƙarfe mai mita 50 aka ɗaure shi, sai a ninka 150 da 50 kafin a san ƙarfin da ke neman tumɓuke gindin, kamar dai yadda dogon ƙarfe ke sauƙaƙa wa bakanike kwance noti. Ga shi kuma iska ta fi ƙarfi a sama bisa ga ƙasa, inda gidaje da itatuwa ke rage mata gudu.

Hikimar Eiffel ita ce ya ƙi yin ƙarfi-da-ƙarfi da iska. Maimakon ya tara ƙarfe mai kauri, sai ya riƙa saƙa siraran ƙarafa kamar raga, iska ta bi ta tsakaninsu ta wuce, sannan ya buɗe ƙafafun ginin a ƙasa ya tsuke su a sama. Wannan dabara ce kamfaninsa ya yi amfani da ita wajen ƙera ƙashin cikin mutum-mutumin 'Yanci na birnin New York, wanda aka ƙaddamar a 1886. Fatar jan ƙarfen da ta lulluɓe shi kaurinta bai kai milimita 3 ba, aka rataya ta a jikin ƙashin ta yadda za ta iya ɗan motsi idan iskar teku ta buga ko rana ta yi zafi, ba tare da ta tsage ba.

A nan dole in faɗi wata gaskiya da masu yabo kan tsallake. Zanen farko na hasumiyar Faris ba daga hannun Eiffel ya fito ba. Injiniyoyinsa biyu ne, Maurice Koechlin da Émile Nouguier, suka zana shi a 1884, shi kuwa da farko bai nuna wani ɗoki ba, sai bayan da mai tsara gine-gine Stephen Sauvestre ya ƙawata zanen. Daga baya ya sayi haƙƙin mallakar daga hannunsu, sunansa ya rufe nasu har yau. Sai dai kuma shi ne ya sa wuyansa. An ƙiyasta aikin zai ci faran miliyan 6.5, gwamnati ta ba da miliyan 1.5 kacal, ya ɗauki nauyin nemo sauran bisa sharaɗin zai ci kuɗin shiga na shekara 20.

An fara haƙa harsashi ranar 28 ga Janairun 1887. Ba a yi wata guda ba manyan marubuta da mawaƙa da masu zane na Faris suka buga takardar ƙorafi a jarida, suna ganin za a ɓata musu birni da wani mummunan ƙarfe. Amsar da ya ba su ta tsaya ne a kan iska. Ya nuna cewa lanƙwasar ƙafafun huɗu lissafi ne ya haifar da ita, domin an karkata su ne ta yadda tunkuɗar iska a kowane mataki za ta bi tsawon ƙafa ta gangara zuwa harsashi. An gwada tsarin a takarda da zato iri biyu: na farko iska mai dukan kilo 300 a kowane murabba'in mita daga sama har ƙasa, na biyu kuma mai farawa da kilo 200 a gindi ta kai 400 a ƙololuwa. Wannan ya zarce duk guguwar da aka saba gani a Faris.

Cikin shekara biyu da wata biyu aka haɗa guntayen ƙarfe 18,038 da ƙusoshi miliyan 2.5, kuma ranar 31 ga Maris 1889 Eiffel ya taka matakala har sama ya kafa tutar ƙasarsa a tsayin mita 300. Ƙarfen duka tan 7,300 ne, wanda in da za a narkar da shi a shimfiɗa a filin da ƙafafun suka kewaye, mai mita 125 kowane gefe, kaurinsa ba zai wuce santimita 6 da 'yan kai ba. Hasumiyar ta riƙe kambun gini mafi tsawo a duniya har 1930. A guguwar Disamban 1999, wadda gudunta ya haura kilomita 200 a sa'a a can sama, kanta bai gusa ko taƙi guda ba. Hasali ma zafin rana, da ke miƙar da gefen da ya haska, yakan karkata ta fiye da yadda iska ke yi.

Ana cikin wannan ɗaukaka sai ga faɗuwa. Tun 1887 ya karɓi kwangilar ƙera ƙofofin ruwa na mashigin Fanama daga kamfanin Ferdinand de Lesseps. Kamfanin ya durƙushe a 1889, dubban ɗaruruwan masu hannun jari, akasarinsu ƙananan mutane, suka yi asarar abin da suka tara. A 1893 kotu ta yanke wa Eiffel ɗaurin shekara biyu da tarar faran 20,000, kodayake kotun ƙoli ta soke hukuncin saboda wa'adin shigar da ƙarar ya wuce. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin cikakken wanki ba, domin ya ci riba mai tsoka a aikin da ya talauta jama'a. Ya janye daga kamfaninsa yana ɗan shekara 60, mutane suka ɗauka shi ke nan.

Ashe mafi amfanin aikinsa yana gaba. Mutumin da ya gina hasumiya a kan alƙaluman iska ya san cewa alƙaluman nan gado ne kawai daga magabata, ba wanda ya auna su yadda ya kamata, shi ya sa ya yi ta ƙara musu kaso don kariya. Daga 1903, yana da shekara 70, ya fara sakin alluna da abubuwa masu siffofi daban-daban daga bene na biyu, mai tsayin mita 115, suna zamewa a jikin waya, wata na'ura tana rubuta turjiyar iskar a kan takarda mai baƙin hayaƙi. Da ya ga wannan bai wadatar ba, a 1909 ya gina zauren gwaji a gindin hasumiyar, inda fanka ke jan iska ta bi ta kan abin da ake aunawa, a 1912 kuma ya mayar da shi unguwar Auteuil ya faɗaɗa shi. A nan aka gwada fukafukan jiragen sama na farko, irin na 'yan'uwa Wright da na Blériot, aka kuma ga cewa abin da ya fi ɗaga jirgi shi ne zuƙar da ke faruwa a saman fiffike, fiye da turin da ke ƙarƙashinsa. A 1913 Amurka ta ba shi lambar yabo ta Langley.

Akwai wani gwaji nasa da ya shafi duk mai gina hasumiya da bututu. Da ya auna turjiyar iska a kan ƙwallo, sai ya sami adadin da bai kai rabin wanda masanan Göttingen a Jamus suka samu ba, har aka zaci Bafaranshen ne ya yi kuskure. Sai ya maimaita gwajin da ƙwallaye masu girma daban-daban, ya nuna cewa idan gudun iska ya kai wani mataki turjiyar takan faɗi kwatsam. Ludwig Prandtl ne ya bayyana dalilin haka a 1914. Tun daga nan aka san cewa zagayayyen abu ba shi da adadi guda ɗaya da za a riƙe a kowane hali. Ban ce Eiffel ya gama gano komai ba. Lissafinsa ya ɗauki iska kamar mai turi ne kawai, alhali takan kuma kaɗa gini ta sa shi rawa, kamar yadda gadar Tacoma a Amurka ta nuna a 1940, lokacin da ta yi ta murɗawa har ta karye a iskar da ba ta kai kilomita 70 a sa'a ba.

Ita kanta hasumiyar eriya ce ta cece ta. Izinin shekara 20 zai ƙare a ƙarshen 1909, kuma akwai masu son a kwance ta a sayar da ƙarfen. A 1898 Eugène Ducretet ya aika saƙon rediyo daga samanta zuwa wani gini mai nisan kilomita 4, daga 1903 kuma Eiffel ya buɗe ta ga wani hafsan soja, Gustave Ferrié, ya kuma biya kuɗin gwaje-gwajensa daga aljihunsa. Da sojoji suka ga nisan da saƙo ke kai wa daga can, aka sabunta izinin na shekara 70 daga 1910. A yaƙin duniya na farko daga nan aka riƙa tsinkayar saƙonnin Jamusawa.

Eiffel ya rasu a gidansa a Faris ranar 27 ga Disamban 1923, yana da shekara 91. Bayan rasuwarsa an ci gaba da ɗora wa hasumiyar kaya: eriyar talabijin a 1957, sannan wata ta rediyon zamani da jirgi mai saukar ungulu ya sauke a kanta a Maris 2022, wadda ta kai tsayinta mita 330. Ta ɗauke su ne saboda rarar da aka bari a lissafin 1880 da wani abu. Ƙarfen sadarwar da ke bayan gidanka, mai karatu, an ƙera shi ne daidai da kayan da aka faɗa wa mai tsarawa ran farko, kuma duk faifan da aka ƙara daga baya yana cin wannan 'yar rarar ne. Zauren gwajin Auteuil kuwa, wanda tsohon ya miƙa wa gwamnati kafin rasuwarsa, yana nan a titin Boileau, kuma ya shafe fiye da shekara 100 ana kai masa samfurin motoci da gine-gine domin a hura musu iska a auna.