Manute Bol: dogon ɗan Sudan da ƙungiyoyin NBA suka yi ta musaya da shi

Lokacin da Manute Bol ya rasu a ranar 19 ga Yunin 2010, Sudan ba ta rabu biyu ba tukuna. Ke nan tsawon rayuwarsa ɗan ƙasa ɗaya ne da Hausawan Mai Wurno. Ɗan ƙabilar Dinka ne daga Turalei a kudancin ƙasar, kuma takardunsa sun nuna an haife shi a 1962. Da kiwon shanu ya taso, sai da ya zama saurayi ya fara ƙwallon kwando, a Wau sannan a Khartum.

Tsawonsa mita 2.31 ne. Wani koci Ba'amurke, Don Feeley, ya gan shi a Khartum a 1982, shekara ta zagayo ya tafi Amurka. Bayan kakar wasa ɗaya a Jami'ar Bridgeport, ƙungiyar Washington Bullets ta zaɓe shi a 1985, shi ne na 31 a jerin sabbin 'yan wasa. A kakarsa ta farko ya buge ƙwallo sau 397 kafin ta shiga kwando, adadin da har yau babu sabon ɗan wasan da ya kai.

Ya shiga gasar ne ana cikin sabon tsari. A 1983 hukumar NBA da ƙungiyar 'yan wasa suka amince a ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, aka fara aiki da dokar a kakar 1984-85 da dala miliyan 3.6. Ƙungiyar da ta zarce wannan iyaka, idan za ta karɓo ɗan wasa ta hanyar musaya, dole ta saki wanda albashinsa ya yi kusa da nasa. Wadda kuma ta ba da ɗan wasa ta karɓi damar zaɓen sabo a shekara mai zuwa, albashin wanda ya tafi ya fita daga lissafinta. Galibi ba a neman yardar ɗan wasan, sanar da shi kawai ake yi.

Haka aka yi da Bol. A 1988 Washington ta miƙa shi ga Golden State Warriors, ta karɓi Dave Feitl da damar zaɓe a zagaye na biyu. A can ya sake zama na ɗaya wajen tare ƙwallo a gasar. A 1990 aka tura shi Philadelphia 76ers a madadin damar zaɓe a zagayen farko, inda ya yi wasa tare da Charles Barkley. A kakar 1993-94 kaɗai ya sa rigar Miami da Washington da Philadelphia. Ya bar gasar da maki 1,599 da tare ƙwallo 2,086.

Mafi yawan kuɗin da ya tara ya kashe su ne a kan mutanen kudancin Sudan da yaƙin basasa ya ɗaiɗaita. Ya sha ziyartar sansanonin 'yan gudun hijira, ya kuma tallafa wa 'yan tawayen kudu. Da ya koma Khartum a ƙarshen shekarun 1990, dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da gwamnati, fita ta yi masa wuya. Sai ta Masar ya bi, ya koma Amurka a 2002 a matsayin ɗan gudun hijira, hannunsa babu komai. A 2004 ya karye a wuya a hatsarin mota.

Shekarunsa na ƙarshe ya yi su ne yana neman kuɗin gina makarantu tare da ƙungiyar Sudan Sunrise, da burin yara Musulmi da Kirista su zauna aji ɗaya. Ya rasu a asibiti a Charlottesville ta jihar Virginia bayan fama da ciwon ƙoda da wata cutar fata, aka kai gawarsa Turalei aka binne. Ɗansa Bol Bol, wanda aka haifa a Khartum a 1999, shi ma ya shiga NBA, kuma a daren da aka zaɓe shi a 2019 Miami ta yi musayarsa zuwa Denver.